Ina namun dajin Arewa suka tafi?

Duk ɗan kasuwar da ya zauna ƙirgar ciniki da maraice yana juya namun daji a hannunsa, ko ya lura ko bai lura ba. A bayan takardar jika biyar akwai hoton maraya, a bayan ta dala ɗari kuma akwai dorina. Bankin BCEAO ne ya zaɓe su sa'ad da ya fito da sababbin takardun kuɗi a 2003, ta dala ɗari kuwa ta biyo baya a 2012. Amma a nuna wa saurayin Dogon Dutsi ko na Tibiri hoton nan na jika biyar, a ce ya faɗi sunan dabbar, zai duba ya ce barewa ce. Ita barewar ma a karin magana ya san ta, inda ake cewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ƙasar da mahalba suka sari dajinta, suka kafa garuruwanta, yau jikokinsu sai a talabijin suke ganin zaki. Wannan ne ya sa muka kama hanya daga Yamai zuwa Arewa bayan an gama girbi, domin mu ga abin da ya rage, mu kuma ji inda sauran suka nufa.

Wanda ke son ganin babban naman daji a kan wannan hanya, to ya buɗe ido tun bai yi nisa ba. Kimanin kilomita 60 daga Yamai, a ƙasar Kure, hanyar Doso tana ratsa wani tudu mai marmara, inda geza da sabara suka tsiro layi-layi, fako yana raba tsakaninsu. Faransawa suna ce masa brousse tigrée, domin in an hange shi daga jirgin sama sai ka ce zanen jikin dabba. A nan raƙuman dawa suke, kuma garken nan shi ne na ƙarshe da ya tsira a duk Afirka ta Yamma. A farkon ƙarni na 20 ana samun irinsu daga Senegal har tabkin Cadi. Wanda masana suka fara rubuta bayaninsa a 1898, kusa da Lokoja aka harbe shi, inda Binuwai ta haɗu da Kwara. Can arewacin Agadas kuma, a Dabus, mutanen da sun sassaƙa siffar raƙumin dawa a jikin dutse tun dubban shekaru, tsawonta ya zarce mita 5. Fari da bindiga ne suka koro na ƙarshen daga wajen Ayoru cikin shekarun 1970 da 1980, suka gangaro nan tsakiyar gonakin Zabarmawa.

A 1996 aka ƙirga su, aka samu 49. A cikin shekarar kuma aka yi abin da masu kula da daji ba su manta ba har yau. Shugaba Ibrahim Bare Mainasara, ɗan Arewa ne, asalin gidansu Dumega, wanda ya karɓi mulki ran 27 ga Janairu, ya so ya yi wa shugabannin maƙwabta kyautar raƙuman dawa. Aka tura sojoji kamu, da dama suka mutu a hannu, domin dabbar da ke da wuya kamar wannan ba a kayar da ita yadda ake kayar da sa. Daga baya aka farga. Ƙungiyar ASGN da wasu irinta suka shiga ƙauyuka da rijiyoyi da ƙananan basussuka, aka koya wa samari aikin jagorar baƙi, manomi ya fara ganin dabbar da ke cinye masa wake tana kuma jawo masa wani abu. Yau sun haura 600, alhali kuwa uwar tana ɗaukar ciki wata 15 ne kafin ta haifi ɗa guda. A watan Nuwamba na 2018 har an ɗebi 8 a mota aka kai su gandun Gadabeji, cikin jahar Maradi, don kada ƙwai ya taru a kwando ɗaya. Sai ga ranar 9 ga Agusta 2020, ƴan bindiga suka kashe Faransawa 6 ma'aikatan agaji a nan Kure, tare da direbansu da jagoransu ƴan Nijar. Tun daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa. Raƙuman suna nan, mun hangi kawunansu sun zarce itatuwa, suna tauna a hankali kamar ba su da labarin kowa, amma samarin da ke ci daga nuna su sun koma neman wata sana'a.

Daga Doso zuwa Bolbol babu abin da ya gitta mana sai awaki. Da aka kusa Kore Mairuwa hanya ta gangara, ƙasa ta sake kama, jan tsakuwa ya ba da wuri ga farin rairayi, gawo ya fara bayyana da koren ganyensa, shi da ke yin ado lokacin da sauran itatuwa ke tuɓewa. An shigo Dallol Mawri ke nan. Dallol kalmar Fulatanci ce, ma'anarta kwari, Arawa dai fadama suke cewa. Tsohon kogi ne da ya ƙafe tun zamanin da ba a tuna ba, ya taso daga arewa, ya bi ta Matankari da Dogon Dutsi da Kiyeshe da Tibiri da Gesheme, ya nufi Kwara wajen Gaya. Ruwansa bai tafi gaba ɗaya ba, ya nutse ne, shi ya sa a wasu wurare rijiya gaba kaɗan ce, kuma tabkuna suna daɗewa bayan damina. Gabas da yamma duwatsu ne masu shimfiɗaɗɗen kai, sun yi wa kwarin katanga. Mai karatu ya auna da kansa: ga ruwa da ciyawa a ƙasa, ga duhuwa da kogo a bisa. In ana neman wurin da naman daji zai so zama a ƙasar Sahel, ba a wuce irin wannan.

Mutum ma haka ya gani. Tarihin baka ya ce Gubawa ne suka fara zama, sun zo da Sarauniya da dutsen Tunguma suka sauka a Lugu, sa'an nan Baura ya zauna Bagaji. Su ake kira ƴan ƙasa, su ne suka ƙulla alkawari da iskokin daji. Daga baya zuriyar Ari, ɗan sarkin Barno, ta zo da sarauta, ƙasar ta ɗauki sunanta. Marc-Henri Piault ya tattara yawancin wannan labari a littafinsa Histoire Mawri na 1970, kuma wanda ya bi tarihin kafuwar ƙauyukan yankin zai yi ta cin karo da mahalbi: ya biyo sawun nama, ya tarar da ruwa, ya kafa bukka, ƴan uwa suka biyo shi. Ko Abdullahi Mamani da ya rubuta labarin Sarauniyar da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899, damisa ya ba ta ta zama alamarta, Med Hondo kuma ya mai da labarin fim a 1986. Damisar dai ta rage a littafi da fim.

A wani ƙauye kudu da Tibiri aka kai mu wurin wani tsoho da ya gaji baka da kwari wurin mahaifinsa. Muka gaishe shi, muka ce: "Baba, mun zo tambayar labarin daji ne." Ya yi dariya ya ce: "Ƴaƴana, wane dajin?" Sa'an nan ya sa aka ɗauko masa kayan aikin daga rataye. Ga burtu, wato kan tsuntsun nan da mahalbi ke ɗaurawa a goshi, ya duƙa yana tafiya yana sassaƙar ƙasa da baki kamar mai kiwo, har ya kusanci barewa ba ta gane ba. Ga kibau da sauran baƙin dafin kwankwani a bakinsu. Ya ce a zamanin ƙuruciyarsa gada da barewa da gadu ba abin labari ba ne, kura kuwa sai an rufe awaki tun magariba, kuma ya ji daga bakin kakansa cewa gwanki da zaki suna shan ruwa a tabkunan fadamar nan. Abin da ya fi tsayawa a kai shi ne dokokin sana'ar. Ba kowane lokaci ake shiga daji ba, sai manya sun buɗe shi. Akwai naman da wani gida ba ya ci, akwai kurmin da ba a sa masa gatari, akwai dabbar da in ka kashe ta ba da shiri ba alhakinta zai bi ka har gida. Mai ilimin boko yana iya cewa camfi ne. Amma camfin nan ya yi aikin da takarda mai hatimi ta kasa yi, domin mai tsoron iska ba ya jiran sai jami'i ya gan shi.

To, me ya cinye dajin? An saba ɗora wa mahalbi laifi, mu kuwa a ganinmu kasonsa shi ne mafi ƙanƙanta. Mutum ɗaya da baka, wanda zai yini yana rarrafe don barewa guda, bai isa ya share ƙasa ba. Annobar shanu da ta ratsa Afirka wajen 1890 ta kashe ɓauna da wasu manyan namun daji tare da shanun Fulani. Zamanin mulkin mallaka da bayansa, ma'aikatar kiwo ta riƙa zuba guba a mushe don kashe kuraye da diloli da zakuna, gubar kuwa ba ta tambayar sunan wanda ya ci, har ungulu ta tafi a ciki. Bindigar zamani da mota suka zo, aka sami masu farautar nishaɗi da fitila cikin dare, waɗanda yawancinsu masu albashi ne da masu kaki, kowa ya san haka. Fari na 1973 da na 1984 suka busar da tabkuna, suka kashe itatuwa. Amma babban abin shi ne hauya da gatari. A 1960 mutanen Nijar duka ba su fi miliyan 3 da wani abu ba. Ƙidayar 2012 ta samu fiye da miliyan 17, kuma a cikinsu gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri, waɗanda aka raba a 2011, suna da fiye da mutum dubu 600. Da can manomi yana noma gona shekara kaɗan ya bar ta ta huta, saurar ta koma daji, zomo da gada su samu mafaka. Yanzu gona tana jingine da gona tun daga bakin fadama har kan dutse, ko burtalin shanu sai an yi shari'a a kansa. Sunayen garuruwa sun riƙe shaida: Dogon Kirya, Maikalgo. A je a ƙirga kiryar da ta rage.

Ba za a ce wa talaka kada ya yi noma ba, kuma duk wanda ya zauna a ofis mai sanyi yana kukan barewa, alhali bai taɓa auna hatsin rumbu da yawan bakunan gida ba, kukansa ba ya da nauyi. Sai dai a san cewa abin da ya kori barewa shi ne yake korar albarkar gonar: ƙasar da ba ta hutawa, iskar da ba ta samun itacen da zai tare ta.

Dogon Dutsi tana kimanin kilomita 270 daga Yamai, a gindin dutsen da ya ba ta suna. Mun hau wajen Tozon Bijini da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Daga can bisa ana ganin garin gaba ɗaya, da Tabkin Sau, da lambunan da ake noman dankalin turawa da kayan miya. A cikin tsakuwa akwai sawu iri-iri ga wanda ya iya karatunsu, yaron da ya raka mu kuwa ya iya. Ya nuna mana ramin kurege, da kashin zomo, da inda bushiya ta kwana, da wani siririn sawu da ya ce na yanyawa ne. Dila ma tana nan, makiyaya suna jin kukanta. Da tunku da gafiya da kyanwar daji, sai jemagu da ke fita da magariba. Waɗannan su ne namun dajin Arewa a yau, wato waɗanda suka iya ɓuya, suka iya yawon dare, suka iya cin abin da mutum ya bari. An ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. A nan giwar ta tafi ta bar masa dawar, ga shi kuma samari da karnuka da kere suna bin sa kowane rani.

Mun so mu wuce Matankari mu kai Lugu, aka ba mu shawara mu haƙura. Arewacin gundumar, wajen Dogon Kirya da Sukukutan da kan iyakar Najeriya, ya sha hare-haren ƴan bindiga a ƴan shekarun nan, kuma baƙo mai tambaye-tambaye da littafi a hannu ba shi da kyan gani a can. Dajin da ake tsoro saboda kura, yanzu saboda mutum ake tsoronsa.

A kasuwar Juma'a ta Dogon Dutsi, can gefe, masu maganin gargajiya sun baza shimfiɗa. A nan ne mutum zai ga abin da ya ɓace a daji: guntun fata da aka ce ta zaki ce, wutsiya, ƙaho, ƙayar beguwa, kan biri busasshe. Nawa ne na gaskiya, nawa ne fatar ɗan maraƙi da ta sha rini, wannan sai mai shimfiɗar. Na gaskiyar dai daga nesa suke zuwa, suna kuma bin hanyar da goro da atamfa ke bi, domin Arewa ba ta tsaya a kan iyaka ba, Arawan Kangiwa a jihar Kebbi dangi ne. Ƴan kasuwa masu karanta wannan shafi ya kamata su san inda doka ta tsaya. Doka mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998 ta tsara farauta da kare namun daji, ta sa raƙumin dawa da giwa da dorina da ayu da mena cikin waɗanda ba a taɓawa sam. Nijar tana cikin yarjejeniyar CITES tun 1975, cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe kuma an hana shi tun 1989. Direban da ya karɓi ƙunshi bai tambayi abin da ke ciki ba, in ƴan duwan suka kwance, shi za a riƙe.

Manyan namun kuwa, mai son ganinsu sai ya yi kudu maso yamma, ya ƙetare Kwara. Gandun W, wanda ya samu sunansa daga yadda kogin ya karkace a wurin kamar wannan harafi, an mai da shi gandun ƙasa a 1954. Ɓangaren Nijar eka dubu 220 ne na awon hekta, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996, a 2017 kuma aka haɗa shi da Arli ta Burkina Faso da Panjari ta Benin. A can giwa take, da ɓauna da gwanki da kanki da marayar nan ta jika biyar. Wani bincike da aka buga a 2014 ya kiyasta zakunan Afirka ta Yamma duka kimanin 400 ne, kuma kusan kashi 90 cikin 100 a wannan dajin na ƙasashe uku suke. A wannan gaɓar kogin, cikin jaharmu, akwai gandun Doso da aka keɓe a 1962 don ya zama garkuwa ga W, sai dai gonaki da garkunan shanu sun daɗe da shigarsa. Shi kansa W ɗin ƴan bindiga sun mai da shi maɓoya, masu tsaronsa suna aiki da rai a hannu, masu yawon buɗe ido sun daina zuwa Tapowa.

A arewa labarin ya fi muni. Gandun Ayar da Tenere, na 1988, da na Termit da Tin Tumma, na 2012, suna cikin mafiya girma a Afirka, amma farin naman hamadan nan da Turawa ke kira adaks, wanda ke iya yin watanni bai sha ruwa ba, waɗanda suka rage a daji ba su kai 100 ba. Mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafarmu ta ƙasa ke ɗauke da sunanta, ƴan kallon da ke cika filin Seyni Kunce ran wasa sun ninka yawanta a duniya sau da yawa. Giwayen da ke shigowa dajin Babban Rafi, kudu da Maradi, cikin shekarun 1980 da 1990, sun daina zuwa. A Najeriya sai an je Yankari, jihar Bauci, kafin a ga garken giwa na kirki. In aka ji ana cewa Afirka ƙasar namun daji ce, gabashi da kudancinta ake nufi, irin su Serengeti ta Tanzaniya, inda dabbobi fiye da miliyan ke ƙaura tare kowace shekara. Amma ba a rasa abin ƙarfafa zuciya ko a Sahel. Mariri, mai dogayen ƙahoni kamar takobi, a 2000 aka ce ya ƙare a daji, Cadi ta fara maido da shi a 2016 daga waɗanda aka kiwata a waje, yanzu yana haihuwa a can da kansa.

Wannan ya dawo da mu kan raƙumin dawa, domin shi kaɗai ne babban naman da ke iya dawowa Arewa da ƙafarsa. Tun da suka yi yawa, Kure ta yi musu kaɗan, motocin itace kuma suna ta cin tudun don girkin Yamai. Da rani suna sauka Dallol Boso cin gawo, wasu kuma sun riƙa bazuwa har wajen Loga, wadda ke maƙwabtaka da gundumar Dogon Dutsi. Abin da suke nema Dallol Mawri yana da shi: gawo da aduwa da ƙaya a fadama, geza a kan tudu. Raƙumin dawa ba ya cin akuya, ba ya bin mutum, ba ya tsoron zama kusa da gona. Illarsa wake da mangwaro, kuma wake shi ne kuɗin manomin Arewa, shi yake ɗaurawa a buhu ya sayar wa fataken Najeriya. Ranar da garke ya kwana a gonar wani a Kiyeshe ko Dumega, mai gonar zai tafi wurin mai gari da safe, mai gari ya aika wa shugaban gunduma, shi kuma ya nemi jami'in gandun daji, wanda sau da yawa ko man babur ba ya da shi. Dokar 1998 ta faɗi hukuncin wanda ya kashe dabbar. Wanda zai biya buhun waken, da asusun da za a ciro kuɗin, wannan magana tana gaban hukumomin gundumomin Arewa, kuma gara su zauna a kanta tun raƙuman suna Loga.